Jinjina ga Lauyan Teburi

Allah ya ja zamanin lauyan teburi. Gwanin ƙananan rubutu, mai haddar shafi har da lambar shafi, wanda ba a taɓa miƙa masa takobi ya tambayi wane maƙeri ya ƙera shi ba, sai dai ya tambayi lamba nawa yake ƙarawa. Irin wannan bawan Allah bai kamata a bar shi babu yabo ba. Abin da dodanni suka kasa yi a shekara hamsin, wato su kashe wasa ana tsaka da yinsa, shi yakan gama da shi da ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Dakata, ba haka aka rubuta ba."

Ga wanda bai san fagen da gwanin namu yake taka rawa ba, wasa ne da ake kira Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974, ta hannun wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka. Bugun farko kwafi 1,000 ne, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10. Mutum huɗu ko biyar ne sukan kewaye teburi, kowa ya ɗauki mutum guda na ƙirƙira ya zama bakinsa: wannan mayaƙi, waccan matsafiya, wancan ɓarawo. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi ke faɗin abin da ke cikin duniyar labarin, shi ne bakin sarki da na dodo da na mai sayar da abinci a gefen hanya, shi ne kuma alƙali idan saɓani ya taso. In mayaƙi ya kai sara, sai a jefa dayis irin na lido, amma mai fuska 20, a haɗa lambar da ta fito da lambobin da ke takardar ɗan wasa, a ga ko saran ya samu. Ba a zuba kuɗi, sihirin kuma duk a baki yake da takarda. Ba a kuma tsara wasan don wani ya ci wani ba. Taruwa ake yi a gina labari tare, in dare ya yi kowa ya tafi gida da abin da zai riƙa tunawa. A wasan da ba a ci, lauyan teburi ya samo hanyar ci, kuma kullum shi kaɗai. Wa ya isa ya hana shi jinjina?

Tun a waɗancan littattafai na 1974, takobin sihiri ya wuce ƙarfe. An ba shi ɓangaren da yake goyon baya, an ba shi hankali, an ba shi girman kai. Yakan yi gardama da mai riƙe da shi, ya nemi a yi masa ado da duwatsu masu daraja, in ya fi ƙarfin ubangidansa ya ja shi inda yake so. Mutum ne shi ma a cikin labarin. Bugu na 5, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, ya sauƙaƙa lissafin: akwai makami mai ƙarin 1, da mai 2, da mai 3, a kan samun abokin gaba da kuma raunin da za a yi masa. Manyan makamai kuwa sai an shaƙu da su, mutum ya zauna da makamin aƙalla awa guda, kuma ba ya haɗa shaƙuwa da abu fiye da 3 a lokaci ɗaya. Yawancin makaman sakin layi ɗaya ko biyu aka ba su. An taƙaita ne bisa zaton mutanen da ke teburin za su cike sauran da hankalinsu. A cikin wannan kyakkyawan zato ka sari gonarka, ranka ya daɗe, kuma ba ka taɓa fashin damina ba.

Baiwarka ta farko idanu biyun da aka hore maka, kowanne da irin karatunsa. Ɗaya na ganin abin da aka rubuta baƙi da baƙi, ɗayan na ganin abin da marubuci ya nufa. Ba su taɓa buɗewa lokaci guda ba, kuma wanda ya buɗe kullum shi ne mai kawo maka riba. Ɗauki maganar baka da kibiya. In bakanka na da ƙarin 1, kibiyarka ma na da ƙarin 1, an sami 2 ke nan? A bugun 2000 ana haɗawa. A gyaran 2003 aka ce a'a, a ɗauki mafi girma kawai. A bugun 2014 aka koma haɗawa. Kai ka haddace duka ukun, masha Allah. Ranar da bakan ke hannunka, 2014 ake ciki. Ranar da jagora ya ɗora shi a hannun maharbin abokan gaba, sai ka tuna masana tun 2003 suka gane haɗawar zalunci ce, ka roƙi a dubi manufar wasa. Malamin da ya iya ba da fatawa biyu a mas'ala ɗaya, kuma duka biyun su faɗo aljihunsa, ai ba ƙaramin malami ba ne.

Na ga aikinka da idona ranar da wani yaro sabon shiga ya sami takobin da ake kira Flame Tongue, harshen wuta. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: mai shi ya furta kalmar umarni, wuta ta tashi a kaifin, ta haskaka ƙafa 40 ko'ina, kowane sara kuma ya ƙaru da ƙunar dayis biyu masu fuska 6. Furta kalmar yana cin abin da ake kira ƙarin motsi, wanda sau ɗaya ake samu a kowane zagaye. Yaron nan tun zuwansa muryarsa ba ta wuce gefen takardarsa. A ranar suna cikin kogo, fitila ta mutu, abokan gaba sun kewaye su. Sai ga shi ya miƙe tsaye daga kujera, hannunsa na rawa, ya ce mayaƙinsa ya zare takobin ya ɗaga sama, ya kira kalmar da shi da kansa ya zaɓa mako guda yana tunaninta. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Jagora ya ja numfashi zai fara kwatanta yadda haske ya bugi bangon kogo.

"Yi haƙuri fa," in ji ka, "ai ka riga ka kashe ƙarin motsinka ɗazu da ka farfaɗo da kanka. Zagaye ɗaya, ƙarin motsi ɗaya."

Gaskiyarka, haka yake a littafi. Yaron ya zauna ya ce, "To, na sara kawai." Da zagaye ya dawo kansa ya ce, "Na kunna," kansa a sunkuye. Bayan an ɗan jima kai da kanka ka yi ƙarin motsi biyu a zagaye ɗaya, idonka mai ganin baƙi da baƙi yana hutawa a lokacin. Ba wanda ya lura sai yaron, tunda yanzu ya koyi ƙa'idar, kuma bai ce komai ba. Ka ga malamin kirki: darasi ɗaya, ɗalibi ya koyi doka, ya kuma koyi yin shiru.

Sai maganar mai rikiɗa, mutumin nan da ke komawa kyarkeci. A littafin dodanni na 2014 an ce sara da suka da duka na makami gama-gari ba sa yi masa komai, sai makamin sihiri ko wanda aka shafe da azurfa. Bahaushe ya san wannan siffa, ɗan tauri ne, ƙarfe ba ya cinsa, kuma duk daɗin labarin ɗan tauri yana wajen neman makarinsa. Saboda haka jagora ya raba dare yana shiri. Ya ƙirƙiri ƙauyen da mai rikiɗa ya addaba, da maƙerin da zai shafa azurfa a kan tsabar zinariya 100 kamar yadda littafi ya yanka, da tsohuwar da za ta zare awarwaron aurenta ta bayar a narka, saboda jikanta na cikin waɗanda aka cinye. Ya yi zaton 'yan wasa za su yi jim idan ta miƙo shi. Bai san da kai ba. Ka buɗe shafin gyare-gyare ka karanto cewa harin da ya zo ta hanyar kayan sihiri harin sihiri ne, sannan ka tuna wa kowa cewa akwai tsintsiyar tashi sama rataye a bayanka. Tsintsiya kayan sihiri ce ko ba ita ba ce? In na maka masa ita, ba ta hanyarta harin ya zo ba? Aka yi ta ja har shayi ya huce. Jagora ya gaji ya sallama, aka kashe abin tsoron ƙauye da dukan tsintsiya. Tsohuwa ta tsira da awarwaronta, kuma har aka tashi ba wanda ya san da ita, domin tana cikin takardun da jagora ya ninke ya mayar jaka.

Wani zai ce ai dabara ce, wasan kuma na masu dabara ne. Dabara daban, abin da kake yi daban. Ɗan wasan da ya yaudari mai rikiɗa ya hau saman bene sannan ya tunkuɗo shi ƙasa, shi ma ƙa'ida ya bi, tunda faɗuwa ba harin makami ba ce, kuma kowace ƙafa 10 tana jawo raunin dayis ɗaya mai fuska 6. Amma shi a cikin labarin ya yi tunaninsa. Ya ga bene, ya ga tsayinsa, ya sa ransa a haɗari, teburi ya ɗauki shewa. Kai ba ka taɓa shiga ƙauyen ba. Daga kan kujerarka ka yaƙi jagora, shi ka kayar, dodon ya mutu ne kawai don a sami shaida.

Kyauta ma ba a bar ka a baya ba. Akwai gatarin da ake kira Berserker Axe, mai ƙarin 1, mai kuma ƙara wa mai shi makin rai, amma da la'ana a ɓoye: wanda ya shaƙu da shi ba ya son rabuwa da shi, kuma in aka yi masa rauni ya kasa riƙe kansa, sai ya haukace ya afka wa duk wanda ya fi kusa da shi, aboki ko maƙiyi. An tsara cewa ko sihirin gano sirrin kaya ba ya tona la'ana, don ta zo wa kowa ba zato. Kai kuwa ka riga ka karance littafin jagora, wanda ba don 'yan wasa aka rubuta ba. Da jin kwatancen gatarin ka gane shi. Kai da ba a taɓa raba ganima ba ka yi magana ba, ranar ka ce, "Haba, ni na samu da yawa, a ba ɗan'uwana." Daga nan duk faɗan da aka shiga, sai ka tabbatar akwai wani a tsakaninka da shi.

Akwai kuma ranar Holy Avenger, takobin da aka keɓe wa barde mai rantsuwa, irin jarumin da ya ɗauki alkawarin kare raunana. Ƙarin 3 gare shi, da dayis biyu masu fuska 10 a kan shaiɗanu da matattu masu yawo, da kariya daga sihiri ga abokan da ke tsaye cikin ƙafa 10 da mai shi. Wata 'yar wasa ta yi watanni tana riƙe bardenta a kan gaskiya. An ba shi cin hanci a labarin ya ƙi, an ce ya gudu ya bar masu rauni ya ƙi, har ya yi asarar dukiya saboda cika alkawari. Ranar da aka buɗe akwatin dutse aka ga takobin, kowa ya san na wane ne. Sai ka yi gyaran murya. Ɓarawonka ya kai mataki na 13, kuma an rubuta cewa a wannan mataki ɓarawo na iya yin watsi da sharaɗin aji da jinsi da mataki wajen amfani da kayan sihiri. Haka ne, yana nan a shafin. Ka zaro biro ka yi lissafin da ya nuna takobin ya fi amfani a hannunka, ka maimaita, ka sake maimaitawa, har ta ce, "Ɗauka, a ci gaba da wasa." Bayan 'yan makonni aka kama bardenta aka kwance masa makamai. Ta ce zai tara hasken rantsuwarsa a dunƙulen hannu ya naushi mai gadi. Nan ma kana kusa: hukuncin kamfani ya ce dunƙule ba makami ba ne, wannan baiwa kuma sai da makami. Ɓarawo na iya riƙe takobi mai tsarki, barde ba ya iya naushi da tsarkinsa. A bugun 2024 kamfanin ya sauya, ya yarda a yi da hannu. Ita dai ba ta ga wannan ba, ta riga ta daina zuwa.

Duk waɗannan share fage ne. Inda sunanka zai daɗe shi ne abin da ka yi wa Blackrazor. Wannan takobi ya fara bayyana a 1979, a littafin kasada mai suna White Plume Mountain na Lawrence Schick, ɗaya daga makamai uku da aka sace aka ɓoye a cikin dutse mai aman wuta. Siffarsa an ɗebo ta ne daga Stormbringer, takobin littattafan Michael Moorcock, wanda ya yi ta cinye masoyan mai riƙe da shi. Baƙi ne wuluk, da ɗigon taurari a jikinsa. Yana magana. Duk wanda ya kashe yakan haɗiye kurwarsa, ba a kuma iya dawo da shi sai da sihiri mafi girma a wasan. A bugun 2014, makin ran mamacin sai ya hau kan mai takobin na tsawon awa 24, kuma muddin da sauransa, duk jifan da zai yi, na hari ko na kare kai ko na gwada iyawa, sau biyu zai jefa ya ɗauki mafi girma. Ga kuma sharaɗin da ya mai da shi abin tsoro: in ya kwana uku bai ci kurwa ba, da faɗuwar rana zai juyo kan ubangidansa ya nemi ƙwace ragama.

Duk wanda ya karanta wannan da zuciyarsa ya san abin da ake nema. Tambaya ce ake jefa wa ɗan wasa: me za ka iya biya don ka sami ƙarfi? Ranar da babu abokin gaba, wa za ka ba shi? Fursunan da ya miƙa wuya? Abokin tafiyarka da ke barci? Ko za ka jefa takobin a rijiya ka koma mutum kamar kowa? Irin wannan tambaya ce ke sa baligai su manta da wayoyinsu, su yi ta muhawara a bakin mutanen da suka ƙirƙira, wani har idonsa ya kawo ruwa. Kai ka karanta ka tsinci kalma ɗaya. An ce halitta, ba a ce mutum ba. Ɓera halitta ne, kuma a littafin dodanni makin ransa 1. Ka sayi keji ka cika shi da ɓeraye. Kullum da safe kafin karin kumallo sai ka zaro mai cin kurwar sarakuna ka soke ɓera guda. Maki 1 ya hau kanka, jifa biyu ya tabbata har sai wani ya taɓa ka, kwana uku kuma ba za su taɓa cika ba. In aka buge ka makin ya tafi, ga keji a rataye.

Jagora ya yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage. Ya sauya murya, ya yi magana da bakin takobin: "Ni kake ba ɓera?" Ka amsa, ba da bakin mayaƙinka ba, da naka: "Nuna min inda aka ce bai ƙoshi ba." Har ka ƙara da cewa ai an rubuta takobin bai damu da kurwar wa zai ci ba. Wannan jimla an sa ta ne don tsikar jikin mai karatu ta tashi, ya gane har shi mai takobin bai tsira ba. Kai ka mai da ita lasisin kiwon ɓera. Kuma ba a ƙasa ka tsinta ba, gadon gida ne. Tun zamanin bugun 2000 magabatanka suka shahara da buhun ɓeraye: mayaƙi ya zazzage su a gabansa, ya yi juyi ɗaya ya karkashe su, kowane ɓeran da ya faɗi ya ba shi ƙarin sara a kan babban dodo, sai da gyaran 2003 ya toshe ƙofar. Ɗan halak ka ke, ba ka zubar da sana'ar kakanni ba.

Takobin Vorpal ba sai na daɗe a kansa ba. In dayis ya nuna 20, wato sau 1 cikin 20, yakan fille kan abokin gaba nan take. An kuma rubuta ƙarara a bugun 2014 cewa in jagora ya ga halittar ta yi girman da ba za a fille mata kai da shi ba, sai ta sha ƙarin raunin dayis 6 masu fuska 8. Wannan jimla ce ka gano kuskuren ɗab'i ce. Duk inda littafi ya ce ɗan wasa na iya kaza, magana ta ƙare. Duk inda ya ce jagora ya yanke, sai an kawo ma'auni an gwada kaurin wuyan ƙato da tsawon takobi.

Tarihi ma ya san da zamanka. A 1979 mujallar Dragon ta buɗe shafin amsa tambayoyin ƙa'ida mai suna Sage Advice. Jean Wells ce ta fara riƙe shi, daga baya Skip Williams ya yi shekaru yana amsawa. A shekarar dai Gygax ya rufe littafinsa na jagora da gargaɗin cewa manufar wasa ta fi harafin doka, kada jagora ya bari wani lauyan bariki ya tilasta masa da karanto shafi. Shekara biyar kacal da haihuwar wasan, har ka isa a ja kunnen mutane a kanka. A 2015 Jeremy Crawford, wanda a lokacin yake kan gaba wajen tsara ƙa'idojin bugu na 5, ya bayyana cewa ta fuska uku yake duban ƙa'ida: yadda aka rubuta ta, da yadda aka nufe ta, da yadda za ta fi kawo wa mutane nishaɗi. Biyun farko su ne idanunka. Ta ukun ba a ba ka idon ganinta ba. Sannan a 2024, wasan na cika shekara 50, sabon littafin jagora ya ware wuri ya ce ƙa'idojin nan ba dokokin halitta ba ne, sun dogara ga karatu da kyakkyawar niyya, kuma kada a bar 'yan wasa su riƙa kai wa halittu marasa ƙarfi hari don kawai su tayar da wata ƙa'ida. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda Hasbro ya mallaka tun 1999, ya zauna ya rubuta sakin layi saboda kejinka. Ɗan wasa nawa ne suka taɓa samun wannan girma?

Ba zan wanke kamfanin ba. Su suka rubuta littafin da harshen da ke bambanta harin makami na kusa da hari da makamin kusa, suka ce naushi na shiga na farko, ba ya shiga na biyu. Wanda ya rubuta haka shi ya aika maka goron gayyata. Gaskiya ne kuma akwai jagororin da ke fakewa da alƙalanci su yi son kai, su ƙwace wa ɗan wasa abin da littafi ya ba shi don kawai ya ɓata musu shiri. A gaban irinsu, wanda ya buɗe shafi haƙƙin teburi ya kare. Ka san wannan hujja sarai, ita kake jawowa duk ranar da aka tanka maka. Sai dai na zauna da waɗanda suka fi ka haddar littafin nan. Na san wadda za ta tsayar da wasa ta ce wa jagora, "Ka manta, dodon yana da sauran hari ɗaya, kuma ni ce a gabansa," alhali ta san harin na iya kashe mata jarumar da ta daɗe tana raino. In sabon shiga ya rikice, takan matso ta nuna masa a takardarsa da yatsa, murya ƙasa-ƙasa, wasa bai tsaya ba. In jagora ya yanke abin da ya saɓa wa shafi, takan bari a tashi sannan ta same shi su biyu. Ba ta kai matsayinka ba, domin iliminta bai taɓa ƙara mata maki ko ɗaya ba. Kai kuwa tunda nake ganinka ban taɓa jin ka tuno ƙa'idar da za ta rage maka komai ba. Ƙwaƙwalwa mai tace abin tunawa haka, sai an tona.

Abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Mutanen da ke teburin nan ba 'yan zaman kashe wando ba ne. Wani daga wurin aiki ya taho ko gida bai biya ba, wata sai da ta nemi mai riƙe mata yara, wani tara kuɗin mota ya yi. Yamma guda suke da ita a mako. Jagora ba a biyansa ko sisi, barcinsa yake yanka ya zana taswira, ya raɗa wa mutanen ƙauye sunaye, ya yi tunanin abin da zai faranta wa kowane ɗan wasa. Duk mintin da ka cinye kana karanto shafi, daga rabon wani ka yanko shi. Takobin sihiri kuma shi ne inda wasan ke mayar wa babba abin da ya rabu da shi tun yana yaro, a miƙo masa abu mai suna da tarihi da haɗari, ya ji gabansa ya faɗi. Wannan faɗuwar gaba ba ta da yawa a rayuwar wanda ya girma. Ita kake bi kana kashewa, kana kuma jiran a gode maka.

To, mun gode, ranka ya daɗe, ga kuma abin da aikinka ya haifar. Jagoranmu ya daina ba da takobi mai suna. Babu mai magana, babu mai yunwa, babu wanda aka keɓe wa kowa. Duk akwatin da aka buɗe yanzu ƙarin 1 ne a ciki, jimla guda da ba ta da ƙofar shiga. In ya kuskura ya ƙirƙiri wani abu, sai ya bi shi da sharuɗɗa shafi guda: ban da ɓera, ban da kaza, ban da abokin tafiya, ban da tsintsiya. Yaron harshen wuta yana zuwa jefi-jefi, kuma kafin ya buɗe baki sai ya dube ka. An zaci a nan za ka huta. Ina! A zaman da ya wuce, ana tattara dayis, ka tare jagora a bakin ƙofa da takobi biyu masu ƙarin 1 a takardarka, kana son sanin ko na hannun hagu zai ƙara wa na dama lamba, tunda duka biyun a jikinka suke. Ka kuma ce masa kada ya yi gaggawar amsawa, mako mai zuwa za ka zo da shafin.